Abin da Kullen Korona Ya Yi wa Zukatanmu



Yawancinmu muna firamare lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona. Mu faɗi gaskiya, da farko murna muka yi, mun ɗauka hutun sati biyu ne ya faɗo mana daga sama. Sai ga shi a tsakiyar Afrilu an kulle Kano gaba ɗaya, ba kasuwa, ba Islamiyya, ba zuwa gidan kowa. Ba mu koma aji ba sai watan Oktoba. Kusan wata bakwai ke nan fa.

Idan ana tuna lokacin, an fi yin maganar yunwa da karatun da ya wuce mu. Ba a cika maganar abin da ya samu zukatan mutane ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma abin ya fi taɓa matasa da mata.

Da muka kawo wannan batu a taron ƙungiyarmu, gardama ta tashi. Wasu suka ce wannan matsalar Turawa ce, su da mutum ɗaya yake zama a gida shi kaɗai. Ina kaɗaici a gidan da ake kwana mutum goma sha biyar? Amma da kowa ya fara ba da labarinsa, sai muka gane ana iya jin kaɗaici ko da gida cike yake. Ƙawarka ko abokinka da kuke faɗa wa juna sirri yana wata unguwa, kuma ba ku da waya. Baba ba ya fita nema, ransa a ɓace, ba mai iya yi masa magana. Umma tana ta lissafin abin da ya rage a buhu. Wa za ka gaya wa tsoro kake ji?

Kuma akwai abin tsoron. A watan Afrilun nan an yi ta rasuwa a Kano, musamman dattawa. Mu yara muna jin manya suna ƙus-ƙus, kullum an ce wane ya rasu, ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Wasunmu sun rasa kakanni, kuma ba a yi zaman makoki yadda aka saba ba. A da idan aka yi rashi, gida yakan cika da masu ta'aziyya, maƙwabta su kawo abinci, mai kuka ya samu mai rarrashi. A lokacin kulle kowa a ɗakinsa ya yi kukansa. Haka azumi ya zo ya wuce, a unguwarmu ba a yi tashe ba, kuma ba a yi hawan sallah ba.

To, yaya zaman gida yake zama ciwo? Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana fitar da wasu sinadarai, ɗaya sunansa kotisol. Su ne suke sa zuciya ta buga da sauri, jiki ya shirya gudu. Wannan yana da amfani idan kare ne ya biyo ka, don da ka tsira jiki zai koma daidai. Amma idan tsoron ya ɗauki makonni bai tafi ba, jiki ba ya samun hutu. Sai barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, abinci ya fita daga rai, ciki ko kai ya riƙa ciwo, mutum ya yi ta fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, karatu kuma ya ƙi zama. Abubuwan da suke kwantar da wannan tsoro su ne hira da abokai, guje-guje, ƙwallo, langa, fita rana, da kuma sanin cewa ƙarfe kaza za ka tashi, ƙarfe kaza za ka tafi makaranta. Duk kulle ya ɗauke su a daidai lokacin da muka fi bukatarsu. An sa darussa a rediyo, kuma an kyauta, sai dai rediyo ba ya kiran sunanka, ba ya tambayar ko ka gane.

Da aka buɗe makarantu mun ga alamar abin. Akwai wata a ajinmu da kullum sunanta yake cikin masu surutu, ta dawo shiru kamar ba ita ba. Tsokanarta muka riƙa yi, muna cewa ta zama ustaziya. Daga baya muka ji babanta ne ya rasu a lokacin kulle. Har yau idan muka tuna muna jin kunya.

Abin da ya sa mutane suke ɓoyewa shi ne, da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai a tuna asibitin Dawanau, a ce hauka ne. Ciwon damuwa ba hauka ba ne. Mai shi yana cikin hankalinsa, yana zuwa makaranta, yana iya yin dariya ma a gabanka, kuma ana warkewa. Likitoci suna cewa idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai sati biyu kusan kullum, ya kamata a nemi taimako. A fara da gaya wa babba da aka yarda da shi, ko Umma, ko yaya, ko malamin aji, ko malamin ba da shawara na makaranta. Idan kuma abokinka ne ya gaya maka yana tunanin cutar da kansa, kada ka riƙe masa wannan sirri ko da ya roƙe ka. Ka sanar da malami a ranar, kafin a tashi.