Filin Mata: Kuɗin Gari Ma Cefane Ne, Sai Mu Sa Ido

'Yan'uwana mata, matan aure da 'yan makaranta na Ƙaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da sauran garuruwan da jaridar nan ta ke isa. A wannan mako za mu ajiye maganar girki da ɗinki, mu ɗauko maganar kuɗin gari, watau abin da ma'aikata su ke kira kasafin kuɗin ƙaramar hukuma.

Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da kasafi? Ai wannan aikin ciyaman ne da kansiloli." To, 'yar'uwa, saurara ki ji. In maigida ya miƙo miki kuɗin cefane, kikan zauna ki raba: wannan na hatsi, wannan na mai da gishiri da daddawa, wannan na itace, wannan na sabulu. Ba kya sayen turare alhali babu dawa a rumbu. To, kasafi ke nan. Abin da a ke yi a sakatariya kowace shekara bai wuce wannan ba, sai dai kuɗin sun fi yawa, bakunan da za a ciyar kuma na gari ne duka. Macen da ta iya riƙon gida a wannan tsada, lalle ta isa ta tambayi yadda a ke riƙon gari.

Daga ina kuɗin su ke fitowa?

A zamanin En'e, haraji da jangali su ne su ke cika Baitulmali. A 1976 aka yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya ko'ina a Nijeriya. Yau suna 774, Jihar Zamfara kuwa, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996, tana da 14. Yawancin kuɗinsu daga Abuja su ke zuwa, wata wata. Cikin kowace Naira 100 da a ke rabawa daga asusun tarayya, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar Naira 52 da kwabo 68, jihohi Naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi kuma Naira 20 da kwabo 60. Ban da wannan akwai ɗan abin da su ke tarawa a gida, kamar kuɗin rumfunan kasuwa, da na tashar mota, da na mayanka.

Shekara da shekaru, rabon ƙananan hukumomi yakan bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ban da kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya sha jan ƙafa, amma dai magana ta fito fili. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi zaɓen ciyamomi 14 da kansiloli 147 a Zamfara. Ashe kowace mazaɓa tana da mutumin da aka ɗora wa yin magana da bakinta, an kuwa san gidansu.

Me doka ta ɗora musu?

Ya kamata ki san wannan, don kada ki kai kuka inda ba a share hawaye. Soja da 'yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne. Makarantun sakandare da manyan asibitoci, galibi na jiha ne. Amma Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa wa ƙaramar hukuma ayyukanta: kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makabarta, da banɗakunan jama'a, da hanyoyin cikin gari, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Har wa yau ya ce ta sa hannu a ilmin firamare, da yaƙi da jahilci, da koyar da sana'a, da kiwon lafiya, da noma. Duba da kyau, 'yar'uwa. Kusan duk abin da ke cikin wannan jeri, mace da ɗanta ne su ke fara jin zafinsa in ya lalace.

Kasafin kuma kashi biyu ne. Akwai kuɗin yau da kullum, kamar albashi da man mota da takardun ofis. Akwai kuma na manyan ayyuka, kamar gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse. Kashi na fari yakan cinye kaso mai yawa, gama daga rabon ƙananan hukumomi a ke biyan malaman firamare. Abin da ya rage ba ya isar kome da kome. Don haka tilas a zaɓa, wurin zaɓen nan kuwa a ke mantawa da wanda bai yi magana ba. Ga abubuwa huɗu da na ke ganin ya kamata mu tsaya a kansu.

Na fari, makarantar 'ya'yanmu

Ba sai an gaya wa mutumin ƙasar nan abin da tsoro ya yi wa karatu ba. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki, cikin ƙasar Zurmi, suka tafi da waɗansu ma'aikata. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, Allah ya taimaka aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Satumba na wannan shekara aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, har aka rufe makarantun jiha. Ɗa namiji in an buɗe makaranta yakan koma. 'Ya mace kuwa, sau da yawa kafin a buɗe an ɗora mata talla, ko an sa ranar aurenta. Ba na ganin laifin uwar da ta ji tsoro. Amma tun da iyaye da yawa sun ɗauke ƙafa daga makarantun kwana na nesa, makarantar da ke cikin unguwa ita ce abin da ya rage wa 'yar talaka, tilas kuwa a gyara ta.

Gyaran ba na alfarma ba ne. Katanga da ƙofa da maigadi, gama sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Banɗakin 'yan mata daban da na maza, domin yarinya in ta fara girma ba ta zama inda ba ta da wurin kewayawa. Ruwan sha a cikin makaranta. Rufin da ba ya yoyo da damina. Sa'an nan malamai mata, 'yan gari, waɗanda iyaye suka san asalinsu. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na fari kyauta ne kuma tilas ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Gwamna Dauda Lawal ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2023. Abin da ya rage gare mu shi ne mu ga sunan makarantar unguwarmu a rubuce cikin kasafi, da adadin kuɗinta a gabansa.

Na biyu, ɗakin shan magani

A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi. Suka tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa, watau fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Manomin da aka hana shi zuwa gona, ko aka sa masa haraji kafin ya girbe, ko ya sayar da shanunsa don biyan fansa, me zai kawo gida? Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Baƙi masu taimako, Allah ya saka musu, amma baƙo raɓa ne. Ɗakin shan magani na mazaɓa shi ne namu na dindindin. Mu nemi a sa masa ungozoma wadda za ta kwana a wurin, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da allurar riga-kafi, da firji mai aiki da hasken rana, da ruwa. Mace mai naƙuda da tsakar dare ba ta iya bin hanyar da ko da rana a ke shakkarta. In babu taimako kusa da gida, to babu shi ke nan.

Na uku, samari

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, saurayi mai ƙarfi ba ya rasa abin yi. Kasuwar Shinkafi kuma ta yi suna har cikin Jamhuriyar Nijar. Zamanin gyaɗa ya wuce, rashin tsaro kuma ya raunana kasuwanni. Kin tuna 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako aka kuma yanke layukan waya, yadda mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa da ɗan dako duk suka zauna hannu rabbana. Saurayin da ya tashi ba gona, ba karatu, ba sana'a, shi ne mugun aboki ya ke samu da araha.

Rabon babura ko buhunan shinkafa gab da zaɓe ba ya maganin wannan. Abin da zai yi magani shi ne koyon sana'a mai ɗorewa: walda, da gyaran famfo, da haɗa fitilar hasken rana, da kafinta, da ɗinki, da noman rani a fadamun da ke kusa da gari. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983, masu ilmin abin suna nan kusa. In kuma za a gyara aji ko a yi benci, mu nemi a ba magina da kafintocin gari, su kuma su ɗauki yaranmu aiki. Kuɗi ɗaya, amfani biyu.

Na huɗu, tsaron unguwa

Korar 'yan bindiga daga daji ya fi ƙarfin ciyaman. Gwamnatin jiha ta kafa Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024 don su taimaka wa soja da 'yan sanda. Amma akwai abin da ke hannun ƙaramar hukuma. Fitila a lungu da bakin makaranta da bakin asibiti. Rijiya a cikin unguwa, don kada yarinya ta fita bayan gari ɗibar ruwa da asuba. Sare ciyawa da cike kududdufi. Masu sintiri waɗanda mai unguwa da hakimi suka tantance, aka rubuta sunayensu, a ke kuma biyansu a kan kari, gama mai makami in ba a san shi ba, ba a kuma biya shi ba, shi ma abin tsoro ne. Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu da suka gudo daga ƙauyuka suka cika garuruwan nan uku. 'Ya'yansu ma suna da haƙƙin aji da magani.

To, yaya za mu yi?

Shekarar kuɗi tana farawa ne a watan Janairu, a watannin ƙarshen shekara kuwa a ke tsara kasafin mai zuwa. Wadda ta kai kukanta bayan an rufe littafi ta makara. Saboda haka tun kaka ta yi, ku taru, ko a makarantar Islamiyya, ko wajen adashi, ko a gidan wata dattijuwa. Ku zaɓi bukata biyu ko uku kurum, waɗanda kowa ya yarda da su. Ku rubuta da sunan wuri: aji kaza na makaranta kaza ba rufi, famfon unguwa kaza ya mutu tun watan kaza. Ku sa hannu, ku kai wa kansila ta hannun wakilanku, ku ba mai unguwa ɗaya, ku ajiye ɗaya. Wadda ba ta fita, maigida ko ɗanta ya isa ya kai. Makarantun gwamnati kuma suna da kwamitin iyaye da jama'ar gari mai kula da su, akwai kujerun mata a ciki, kada a bar su wofi.

Bayan wata uku ku koma da tambaya, cikin ladabi: an sa aikinmu? Nawa aka ware? Wa aka ba? Yaushe za a fara? Matambayi ba ya ɓata. In an ce an gama aiki, ku je ku gani da idonku ko famfon yana kawo ruwa.

Kada ki ce wannan baƙon abu ne. A birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil, tun 1989 mutanen unguwanni suka fara taruwa suna zaɓen ayyukan da za a yi musu da kuɗin gari, unguwannin talakawa kuwa suka sami ruwa da magudanai. A nan gida ma muna da gado. Nana Asma'u 'yar Shehu ta aika da jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri don mace ta sami bakin magana, har matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi. Ƙuri'ar nan da mu ke fita mu yi layi cikin rana mu jefa, ita ce ta ba mu ikon tambaya.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku ne masu alƙalami a gidaje da yawa. Ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku rubuta musu takardar, ku ƙidaya ajujuwan makarantarku da ba su da benci ko ƙofa. Lissafin da a ke koya muku ranarsa ke nan. Wa ya sani ko cikinku akwai wadda wata rana ita za ta riƙe littafin kuɗin Zurmi ko na Shinkafi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk unguwar da ta gwada wannan, muna roƙo ta rubuto wa Filin Mata abin da ta samu, mu buga don sauran 'yan'uwa su koya. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya shiryi shugabanninmu, ya raya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.