3.4 Rogo da Hanyoyin Sarrafa Shi

Bayan bayanin da aka yi a kan abincin da ake samu daga hatsi, a wannan sashe za a dubi rogo, wanda yake ɗaya daga cikin saiwoyin da Bahaushe yake ci. Rogo ba ɗan asalin ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, musamman yankin Birazil, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16. Daga nan ya riƙa yaɗuwa har ya iso Arewa. A yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi.

Ba a shuka rogo da ƙwaya. Itacensa ake sassarewa guntu-guntu a dasa. Yana jure fari da ƙasa maras ƙarfi, kuma yana iya zama a cikin ƙasa fiye da shekara guda ba tare da ya lalace ba. Wannan ne ya sa manomi yake ɗaukar gonar rogo tamkar rumbu, domin ita ake komawa idan hatsi ya ƙare. Amma da zarar an tone shi, cikin kwana 2 zuwa 3 yake fara lalacewa.

3.4.1 Ire-iren Rogo

Rogo iri biyu ne, wato mai zaƙi da mai ɗaci. Dukkansu suna ɗauke da wani sinadari da yake rikiɗa ya zama gubar sayanaid, sai dai ta fi yawa a cikin mai ɗaci. Saboda haka ba a cin mai ɗaci sai an ɓare shi, an jiƙa a ruwa na wasu kwanaki, sannan a shanya. Gaggawa a wannan mataki tana da haɗari. A shekarar 1981, lokacin fari a arewacin Mozambik, mutane da yawa sun kamu da shanyewar ƙafafu saboda cin rogon da bai gama sarrafuwa ba.

3.4.2 Abincin da Ake Yi da Rogo

(a) Dafaffen rogo: Ana dafa mai zaƙi a ci da garin ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai, ko a yayyanka a yi kwaɗo da albasa da tumatir.

(b) Ƙosan rogo: Ana kwaɓa garinsa da albasa da attarugu da gishiri, a soya a mai.

(c) Alabo: Rogo ne da aka jiƙa, aka busar, aka niƙa. Da shi ake tuƙa tuwo, kuma ana haɗa shi da garin wake da kuka da kanwa a yi ɗanwake, domin shi ne yake ba shi danƙo.

(d) Garin kwaki: Ana goge rogo, a zuba a buhu a danne ruwan ya tsane, sannan a soya a kasko. Ana jiƙa shi da sukari da ƙuli-ƙuli, ko a tuƙa teba da ruwan zafi.

Abin lura a nan shi ne, kalmomin "alabo" da "teba" aro ne daga Yarbanci, wanda ya nuna hanyar da waɗannan abinci suka biyo.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rogo yana ƙosarwa, amma ba shi da sinadarin gina jiki sosai. Bahaushe ya san da haka, shi ya sa yake cewa "kallon kitse ake yi wa rogo", kuma da wuya ya ci shi ba tare da ƙuli-ƙuli ko wake ba. A sashe na gaba za a yi bayani a kan dankali.