Jirgin roba, wasan da ya buɗe hanyar sama

Ranar 18 ga watan Agusta 1871, a lambun Tuileries na birnin Paris, wani saurayi Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya saki ɗan jirgin da tsawonsa rabin metir ne. Babu inji, babu mai: robar da ya murɗa ce ke juya farfela tana warwarewa. Jirgin ya ci kimanin metir 40 cikin sakan 11.

A 1878, a Amurka, mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu abin wasa mai tashi, ƙirar Pénaud. Su ne suka tashi da jirgi mai inji a 1903. Pénaud kuwa ya rasa mai zuba kuɗi ga babban jirgin da ya zana, ya mutu a 1880 yana ɗan shekara 30.

Har yau masu sha'awa na ƙera irinsa da itace marar nauyi, takarda da roba. Asirin aikin shi ne daidaita nauyi: gaba ya rinjaya, jirgi ya kifa, baya ya rinjaya, ya ɗaga kai ya faɗo. Yaron da ya iya motar kara, hannunsa ya riga ya faɗa. Abin da ya rage masa, babban da zai ɗauki wasansa da muhimmanci.