Ko Kun Sani? Malam Musa Bai Bar Wa Ɗansa Sarautar Zazzau Ba

Ikara da Maƙarfi da Kudan duk ƙasar Zazzau ce, wadda Malam Musa Bamalli, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci da jihadi har Sarkin Zazzau na lokacin, Makau, ya yi kudu. Da Malam Musa ya rasu a 1821, abokin gwagwarmayarsa Yamusa Babarbare ne ya gaje shi, sannan Abdulkarim Bakatsine. Wannan shaida ce cewa tafiyar ta malamai ce kafin ta zama ta gado. Wasu za su ce dabarar Sakkwato ce don kada gida ɗaya ya yi ƙarfi. Da ƙamshin gaskiya, amma Sakkwato ba ta ƙirƙiro waɗannan mutane ba, tare da Musa suka shiga Zariya.