Barin Taba da Giya: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Mai gida, ka sani hayaƙin taba yana kawo tari, da ciwon zuciya, da dajin huhu, iyalinka kuma suna shaƙarsa tare da kai. Giya kuwa tana lalata hanta, ta cinye kuɗin hatsi.

Bari da wuya ga mutum shi kaɗai. Cikin 1935, a Amurka, waɗansu mashaya biyu suka ga in suna ƙarfafa juna sai su iya daurewa. Ƙungiyarsu ta bazu ko'ina cikin duniya.

Kai ma nemi mutum biyu ko uku masu niyyar bari. Ku sa rana. Ku riƙa hira tare lokacin da kuka saba sha. In marmarin taba ya taso, tafi wurin ɗan'uwanka, cikin 'yan mintoci zai lafa. Makon fari shi ya fi tsanani. Wanda ya koma, kada a yi masa gori, sai ya sake farawa.

Amma mai shan giya kullum, wanda hannunsa ke rawa da safe, kada ya bari farat ɗaya, gama jijjiga tana iya kama shi. Lalle ya fara ganin likita.