Yankari: Yadda Ake Tare Wuta Da Wuta

Duk wanda ya bi hanyar Yankari a farkon hunturu yana iya ganin hayaƙi na tashi daga cikin dajin, har ya ɗauka ɓarna ce ta auku. Sau da yawa kuwa ma'aikatan gandun ne da kansu suka cinna wutar. Mai karatu zai ce, ina dalilin da mai tsaron daji zai ƙona dajin da aka ba shi amana? Amsar tana cikin sanin lokaci.

Gandun dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Gwamnatin Tarayya ta riƙe shi a matsayin gandun ƙasa daga 1991 zuwa 2006, sa'an nan ya koma hannun jiha. A 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS domin taimakawa wajen tsaronsa. Hannu ya yi ta sauyawa, amma kowace shekara tambayar ɗaya ce: yaushe dajin zai ƙone, wa kuma zai ƙona shi?

Da damina gamba da sauran ciyayi sukan yi tsawo har su shanye mutum. Ruwa na ɗaukewa sai su fara bushewa. Idan aka sa wuta a Nuwamba ko Disamba, ciyawa da sauran danshi, raɓa kuma tana sauka da dare, wutar takan tafi a hankali, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta. Idan kuwa aka bari sai Fabrairu ko Maris, kome ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa, to wutar da mafarauci ko mai ɗibar zuma ko makiyayi ya tayar takan haura har kan itatuwa, ta yi ta ci kwana da kwanaki. Saboda haka ake ƙona gefen hanyoyi da wasu sassa tun da wuri, domin wutar baya in ta zo ta iske an riga an cinye mata abinci. Rigakafi dai ya fi magani.

An gwada wannan abu an gani. A 1936 wani masanin itatuwa Bafaranshe, André Aubréville, ya ware filaye uku kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa. Ɗaya ana ƙona shi a Disamba, ɗaya a Maris, na ukun kuwa aka hana masa wuta sam. Bayan kusan shekara 60, wanda aka tsare ya zama kurmi, na Disamba yana nan da itatuwansa, na Maris kuwa ya koma filin ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi.

Bayan ƙunar wuri, daji bai cika daɗewa yana baƙi ba. Saiwar gamba tana raye a ƙarƙashin ƙasa, cikin 'yan makonni sai ka ga toho kore shar yana fitowa daga toka. Gwanki da kanki da ɓauna suna son wannan toho ƙwarai, gama ya fi tsohuwar ciyawa laushi da amfani. Manyan itatuwa masu kaurin ɓawo sukan jure, su sake ganye. Waɗanda ke shan wuya su ne ƙananan itatuwa. In wuta mai zafi tana bi ta kansu kowace shekara, ba za su taɓa girma su gaji iyayensu ba. Kurmin da ke bakin Kogin Gaji ya fi ko'ina bukatar kariya, domin itatuwansa ba su saba da wuta ba, can ne kuma giwaye da sauran namun daji ke samun ruwa da inuwa da rani.

A nan ne zancen wuta ya haɗu da zancen baƙi. Cikin doguwar ciyawa ba a ganin kome, ko giwa tana iya ɓacewa. Ƙunar wuri ce ke buɗe wa mai kallo ido, rani kuma ya tattaro dabbobi zuwa Gaji. Wato lokacin da ya fi daɗin kallo shi ne lokacin da dajin ya fi saurin kamawa. Guntun taba da aka yar ta tagar mota ya isa ya ɓata aikin shekara. Shi ya sa ake fita kallo da ɗan rakiya, a bi hanyoyin da aka shata.

A sansanin Wikki ma akwai aiki. Ruwan ɗumin nan mai zafin digiri 31 dare da rana shi ke jan jama'a, musamman lokacin bukukuwa. Inda jama'a suka taru kuwa, shara takan taru. Bika sun riga sun koyi cewa abinci yana cikin jakar baƙo, wanda duk ya miƙa musu guntun burodi yana ƙara koya musu ƙwace ne, na baya kuma shi zai sha wahalar.

Saboda haka, mai karatu, in ka shirya kai iyali Yankari da ranin nan, ka ji maganar ɗan rakiya, ka koma da shararka, ka bar ashana a aljihu. Mazauna ƙauyukan da ke kewaye da gandun kuma, in za a ƙona gona, a share iyakarta tukuna, a jira iska ta kwanta, a tsaya a kai har wutar ta mutu. Ciyawa takan dawo cikin makonni, amma kawon da ya faɗi, sai jikoki ne za su zauna a inuwar magajinsa.