Furen tsakar gida ma kalanda ne

Ina da shekara bakwai lokacin da aka rushe tsohon Zangon Lome a 1977, aka kwaso mu daga tsakiyar birni zuwa Agoe Zongo, can arewa wajen kogin Zio. Abin da na fi tunawa a tsohon gidanmu shi ne itaciyar lallen Inna da ke bakin rijiya. Idan ta yi fure, ƙamshinta har soro. Mun ɗauko tukwane da akwatuna, lallen kuwa muka baro shi. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Yau idan na wuce wurin sai manyan benaye na bankuna, kuma idan na ba 'ya'yana labarin sai su dube ni kamar mai tatsuniya.

Wannan ne ya sa, shekara uku ke nan, duk ranar ɗaya ga wata nake tsayawa a ƙofar ɗakina in ɗauki hoton tsakar gidanmu da waya. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shuke-shuke iri ɗaya. Da farko maiɗakina dariya ta yi, ta ce, "Malam, kasuwar yadi ce ta mutu har ka koma ɗaukar ganye?" Yanzu ita ke tuna mini idan na manta.

Da hotunan suka taru sai na ga abin da na shekara hamsin ban lura da shi ba: shekarar Lome daban take da ta gida. A Maradi, inda yayana yake, damina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne marka. Mu nan damina biyu gare mu. Babbar takan kama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni. Agusta kuwa ruwa ya ja baya, gari ya yi sanyi-sanyi, sai ƙaramar ta dawo a Satumba da Oktoba. Ranar da na tura wa Yaya hoton tukwanena a bushe a watan Agusta, shi kuma ya turo mini gero ya kai kafaɗa, jikokinmu suka sha mamaki fiye da duk bayanin da muka taɓa yi musu da baki.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin bugenbiliya, wannan mai ƙaya da ke hawa katanga. Asalinta Kudancin Amurka, kuma ƙishi ke sa ta fure. Wanda ya cika mata ruwa ganye kawai zai samu. Abin da muke gani ja ko ruwan hoda ma ba shi ne furen ba, ganye ne mai launi. Furen gaskiya ɗan ƙarami ne fari a tsakiya, kuma sai da na matso da waya na gan shi. A wannan lokacin ne mangwaro ke fure, kariya kuma ta zubar da ganye ta fito da nata furen a kan reshe tsirara. Tawa daga Maradi na zo da ita. Ta farko ruɓewa ta yi a damina, saboda ƙasar da na sa mata tana riƙe ruwa. Ta biyu na haɗa mata yashi da yawa, na huda gindin tukunyar, ta rayu. A kula, ruwan jikin kariya guba ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Idan zafi ya tsananta wajen Maris da Afrilu, sai falambuwayan da ke bakin layinmu ta yi jawur. Itaciyar Madagaska ce, amma ta zama 'yar gari. Ni dai in na ga ta kama, na san lokacin gyaran kwano da yashe kwata ya yi, don duk wanda ya ga ambaliyar 2008 a Togblekope ba ya wasa da ruwan Yuni. Bayan ruwa ya zauna, sai na kayan miya su karɓa: furen kuɓewa da na yakuwa, masu launin ƙwai-ƙwai da jan ciki, waɗanda ke buɗewa da safe su yanƙwane kafin dare. Muna cin 'ya'yansu kullum, amma mutum nawa ne ya taɓa tsugunawa ya kalli furen?

Ɗaukar hoton ba ya buƙatar waya mai tsada. Ka fito bayan gari ya waye ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana cinye launi. Ka goge idon kyamarar da gefen riga, musamman da hunturu, ƙura ce ke sa hoto ya yi hazo. Kada ka jawo hoton da yatsa, ka matsa da ƙafarka, sannan ka taɓa furen a fuskar wayar har ya fito sarai. Idan bayan wurin akwai shanya ko bokitai, ka sa yaro ya riƙe ƙyallen baƙin yadi a baya. In furen a gidan wani yake, ka yi sallama ka nemi izini, kuma kada iyalin mutane su shiga hotonka. Sannan ka ajiye kwafi a wani wurin. Hotunan wata biyar na rasa ranar da wayata ta faɗi daga kan zemijan a hanyar Asigame.

Bara ƙanena ya kawo shawara mu share tsakar gidan, mu shafe da siminti, mu fitar da ɗaki biyu na haya. Maganarsa da hujja, kuɗin makaranta ba ya jira. Muka zauna, autata ta jera hotunan a waya tana wucewa da su ɗaya bayan ɗaya, wata goma sha biyu cikin minti guda. Aka yi shiru. A ƙarshe muka gina ɗaki ɗaya, muka bar kusurwar gabas.

A wannan kusurwar na dasa lalle, kuma bana ya yi furen farko. Na kai wa Inna reshe ɗaya har ɗakinta, don idanunta ba sa ganin hoto yanzu. Ta shinshina, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko rijiyar tana nan.